Zinariyar talakka: abin da na'ura ke tonowa a kufai

Tun shekara ta 2014, lokacin da labarin zinariyar Jado da ta Cibarkaten ya game ƙasa, wani baƙon kayan aiki ya shigo Nijar ya zauna, wato na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Sanda ce mai faifai a gindi, da ɗan akwati kusa da mariƙi, da abin sawa a kunne. Samari masu ɗimbin yawa daga Damagaram, Maraɗi da Tawa sun saida bisashe, wasu sun jinginar da gonaki, suka saye ta suka nufi arewa. Waɗanda Allah ya ciyar an san su, gidajensu na siminti na nan bakin hanya. Sauran kuwa, da hukuma ta ba da umurnin rufe wurin haƙar Jado a shekara ta 2017, da yawansu sun komo gida da bashi, da tari, da na'ura a kafaɗa. Ita na'ura babu ruwanta da an bar hamada. In aka kunna ta a gonar hatsi sai ta yi kuka kamar yadda take yi a can, kuma abin da take tonowa a nan kudu shi nake so mu duba tare.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, yana cikin waɗanda suka komo hannu wofi. Gonar gidansu, a kudancin Damagaram, tana bisa wani kufai: nan garin yake a da, kamin rijiya ta ƙafe a farin shekarun 1973 da 1974, mutane su tashi su koma bakin gudoro. Bayan an cire amfanin gona, in zaman banza ya ishe shi, sai ya ɗauki na'urarsa ya bi kunya-kunya. Faifan nan naɗin waya ne a cikinsa. Wutar batir na ratsa shi, ya aika da ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai ƙarfen ya maido amsa, na'ura ta juya amsar ta zama kuka a kunnen mai ita. Ɗan abu kamar zobe ba ta jin sa in ya wuce zurfin santimetir 20 ko 30, amma iyakar inda galma da hauya ke jujjuya ƙasa ke nan. Na'urar ba ta faɗin ko mene ne ta ji. Guntun zinariya da marfin gwangwani kusan murya guda gare su, dole sai an tona an gani.

Cikin rani biyu ya cika gwangwanin madara da abin da yake kira shara. Da na tambaye shi ya ba ni, dariya ya yi, ya ce: "Ɗauki, Mushe, ku ƴan lakkwal ai ba ku rasa abin ɓata lokaci. Wanda ya yi kama da azurfa tuni na saida, an narke. Wannan ko yara ba su so." Na juye gwangwanin bisa tabarma na ƙirga abu 63: ƴan kunne marasa ƴan'uwa, zobba da suka lanƙwashe, guntayen sarƙa, mundaye biyu, maɓallai, da ƴan duwatsun wuya da ya tsinta da ido cikin ƙasar da ya tono, tun da na'ura kurma ce wajen gilashi da dutse. Babu zinariya ko ɗaya a ciki. Duka kayan ado ne na kwaikwayo, irin wanda Faransawa ke kira bijoux fantaisie, wanda aka ƙera domin ya yi kama da na masu hali alhali kuɗinsa bai fi ƙarfin ƴar tallan fura ba.

Gane irin waɗannan kaya hanya uku gare shi, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya: hannun maƙeri, da rubutun da ke jikin abin, da tunanin tsofaffin mata.

Na fara da wani dattijo maƙerin fari a unguwar Birni. Bai yi gaggawa ba. Maganaɗisu ya fara ɗaukowa ya ratsa kayan da shi. Abin da ya manne ya ware gefe, ya ce baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, domin zinariya, azurfa da tagulla ba su bin maganaɗisu. Sa'an nan ya duba launin da ƙasa ta bar wa kowanne. Zinariya, in ji shi, ko ta shekara ɗari a ƙasa, da ƙyallinta take fitowa. Azurfa baƙi take yi. Tagulla da jan ƙarfe tsanwa suke ɗauka, wani lokaci har ta yi ɓawo. Sanholo, wato alminiyom, ba shi da nauyi a hannu, kuma farin gari yake yi yana ɓurɓushewa. Wani zobe fari da ke ta ɗaukar ido, ya goga shi bisa baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen, zanen ya ɓace. Ya ce: "Ɗana, wannan farin ƙarfe ne, babu ƙwayar azurfa a ciki." Shi ne gamin jan ƙarfe da tutiya da nikel da Faransawa ke kira mayshor, wanda ya ruɗi masu saye da yawa a kasuwannin ƙauye.

Mundayen biyu su ne suka sa ya gyara zama. Ya nuna mini sawun magagari a cikinsu, da ƴan ramukan da zubi ke bari, da yadda bakin ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri. Ya ce aikin hannu ne, na nan ƙasar, domin abin da inji ya buga sak yake fitowa, siriri, bayansa da rami kamar cokali, kuma dubu daga cikinsu ba su bambanta. Ya ƙara da cewa ubansa da kwanson harsashi da tsofaffin famfuna yake zuba irinsu. Sana'ar jan ƙarfe daɗaɗɗiya ce a wannan ƙasa: matafiyin nan Ibn Battuta ya yi zancen jan ƙarfen Takadda da ya ziyarta a shekara ta 1353, kuma a Marandat, kudu da Agadas, masu bincike sun tarar da dubban ƴan tukwanen narka shi. Amma dattijon ya gargaɗe ni kada tsanwar munduwa ta sa in ba ta shekarun da ba nata ba, domin ƙasa mai damshi kan tsufar da tagulla cikin shekaru kaɗan.

Hanya ta biyu, wato rubutu, ita ce inda karatun lise ya yi mini rana. Da madubin ƙara girma na bi bayan kowane ɗan kunne da kowane maɓallin sarƙa, domin nan masu ƙira ke ɓoye tambarinsu. Abin da ya kamata mai tsintuwa ya sani kaɗan ne. Lambobi 750, 585 da 375 na nufin zinariya ta karat 18, 14 da 9. 925 da 800 kuwa na azurfa ne. A Faransa, tun shekara ta 1838, kan gaggafa shi ne hatimin zinariya, kan mace mai hular yaƙi, wadda suke kira Minerve, shi ne na azurfa. Tambarin maƙeri in yana cikin zane mai kama da yankan alkaki, ƙarfe mai daraja ne. In yana cikin murabba'i, ko an rubuta PLAQUÉ OR, to rufi ne kawai aka yi wa tagulla da ruwan zinariya. Ko da an ga 750, a kai wa maƙeri ya gwada, domin masu jabu ma sun iya buga lamba.

Sunan ƙasa ya fi kome taimako wajen sanin zamani. Wani ɗan kunne mai jan dutse, a bayansa an buga CZECHOSLOVAKIA. Wannan ƙasa an kafa ta a 1918, ta rabe biyu a ƙarshen 1992, saboda haka ɗan kunnen bai girmi 1918 ba. Wani abin wuya na ɗauke da W. GERMANY, wato Jamus ta Yamma, wadda ta rayu daga 1949 zuwa 1990. Tambura biyun nan labari guda ne ya haɗa su. A arewacin ƙasar Cek akwai wani gari, Yablonek, wanda Jamusawa ke kira Gablons, da ya shahara tun ƙarni na 19 wajen ƙera duwatsun gilashi da kayan ado masu araha, yana aika su Indiya, da ƙasashen Larabawa, da Afirka. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kori Jamusawan garin, da yawansu suka kafa sabuwar unguwa a jahar Bavariya suka sa mata suna Sabon Gablons, suka ci gaba da sana'arsu. Ashe ƴan kunnen da ƴan matan ƙauyenmu suka yi rawa da su, gudun hijirar wasu mutane ne a can Turai ya sauya musu tambari.

Jan dutsen kansa gilashi ne. Ana gane haka da ƴan kumfan iska a cikinsa, da layin da mazubi ya bari a gefe, da siririn rufi mai ƙyalli da aka shafa a bayansa don ya maido haske. Dabarar ta daɗe: wani maƙeri ɗan yankin Alzas, Strass, wanda ya zama maƙerin sarkin Faransa a 1734, shi ya yi suna da gilashi mai dalma da ke kwaikwayon lu'ulu'u, har yau Faransawa da sunansa suke kiran irin wannan dutse. A 1840 gidan Elkington na birnin Bamingam a Ingila ya yi rajistar dabarar rufe ƙarfe da zinariya ko azurfa ta hanyar wutar lantarki, abin da ya karya farashin kayan ado a duniya. A shekarun 1920 kuwa, matar nan mai ɗinki ta Paris, Coco Chanel, ta sa manyan mata suka daina jin kunyar sa na kwaikwayo. Duwatsun wuyan da ke cikin gwangwanin su ma baƙi ne: waɗansu masu ɗamara a tsakiya irin na masana'antar garin Briyar ne a Faransa, inda ake matsa gari a mazubi a gasa, akwai kuma rabin talhatana ta jan gilashi, kwaikwayon ta dutsen aƙiƙ da ake sassaƙawa a Idar-Obashtain ta Jamus domin kasuwannin Sahara.

Rubutu ma yakan ruɗi mutum. Taubashina ya yi ta cika baki cewa cikin abin da ya saida har da dalar azurfa mai kunnen rataya, mai hoton wata mace, an rubuta 1780, wai ta girmi zuwan Nasara da shekara fiye da ɗari. Dalar Mariya Tereza ce, sarauniyar Otirishiya da ta rasu a 1780. Da yake ƴan kasuwar Afirka da na Larabawa sun amince da ita, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba canji, a Viyena da wasu birane irin su Landan, Paris da Rom, har cikin ƙarni na 20. Nauyinta giram 28 ne, azurfar da ke ciki kashi 833 cikin 1000. Wadda ya tsinta tana iya zama ta zamanin Sarki Tanimun, tana iya zama ta 1936; ƴan bambance-bambancen da ke jikin hoton ne ke raba gardama, ga shi kuwa ta riga ta shiga wuta.

Hanya ta uku ita ce ta fi daɗi. Na kai kayan wurin kakarmu, wadda aka haifa a wannan kufai, shekarunta sun haura 80. Idonta ya yi rauni, da yatsa take gani. Da ta shafa ɗan kunnen nan mai jan dutse sai ta ce: "Kai, mijin banza, ina ka samo wannan? Ai shi muke ce wa hana-kishiya-barci." Ta ce ƴan koli ne ke kawo shi daga kantunan Nasara na Damagaram lokacin cinikin gujiya, sa'ad da kuɗi ke shiga hannun manoma, saurayi ya saya wa budurwa ranar kasuwa. Zobban sanholo, in ji ta, daga baya suka zo, maƙeran gari ke yin su da fasassun tukwane, na yara ne da na waɗanda suka rasa. Wani siririn zobe mai koren gilashi ta ce tsarabar Makka ce, irin wadda alhazai ke rabawa da tasbaha bayan an fara tafiya da jirgin sama. Da na duba cikinsa sai ga HONG KONG. Ɗaya kawai ta ƙi karɓa, wani ɗan kunne mai matsewa, marar ƙugiya. Ta ce: "Wannan ba namu ba ne, mu kunnenmu a huje yake tun muna goye." Gaskiyarta: irin wannan mai matse kunne a shekarun 1930 ya bazu a Turai, domin matan da ba su huda kunne. Ko matar wani ma'aikaci ce ta yar da shi a kasuwar garin, ko kuku ne ya kawo wa ƴarsa daga bariki, Allah masani.

Da na koma gonar na sa taubashina ya nuna mini inda ya tono kowane abu, gwargwadon abin da ya tuna, na zana bisa takarda. Kayan ba a warwatse suke ba, wuri uku suka taru. Na farko kewayen tsohuwar rijiya, inda mata ke sunkuyawa suna jan guga, ƙugiyar ɗan kunne ta kuɓuce, laka ta haɗiye. Na biyu gindin wata tsamiya, inda kaka ta tabbatar nan kasuwa ke ci. Na uku wani fili da babu alamar kome a yau. Da na kwatanta mata wurin sai ta yi shiru, can ta ce nan ne dandali, nan suke gaɗa da farin wata. Garin da babu sauran katangarsa ko ɗaya, ƴan kunnen tamma biyu sun maido da taswirarsa.

A nan ne na ga dalilin da ya sa bai kamata a raina wannan shara ba. Zinariya ba ta zama a ƙasa. In ta faɗi, gida duka ke fitowa da rariya a tankaɗe rairayi har a gan ta. In yayinta ya wuce a narke ta a sake ƙira. In yunwa ta zo, kamar ta 1984, ita ake fara kaiwa kasuwa. Na kwaikwayo kuwa in ya faɗi, mai shi ta yi ƴar ƙwalla ta haƙura, ya zauna inda ya faɗi da tambarinsa da siffarsa. Tarihin sarakuna yana bakin maroƙa, na Nasara yana cikin takardun bariki. Matan da suka daka, suka ɗebo ruwa, suka ɓare gujiyar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar nan har bayan samun ƴancin kai, babu wanda ya rubuta sunansu. Abin da suka so, da abin da suka iya saye, da nisan ƙasashen da kasuwarsu ta taɓa, a jikin irin waɗannan ƙarafa kaɗai za a karanta shi.

Sai dai akwai iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Tsintar ɗan kunne a ƙasar da galma ta riga ta juya, cikin gonar mutum ko da izinin mai gona, daban yake da tona maƙabarta ko tudun mutanen da. Mun ga abin da ya faru a Bura, wajen Tera. An gano wurin a 1975, masanin nan Bube Gado ya yi aikin haƙa na ilimi a 1983, aka fito da tukwanen jana'iza da mutum-mutumin mahaya dawaki da suka ba duniya mamaki. Bayan an nuna su a Paris a 1993, masu fataucin kayan tarihi suka sa kuɗi, aka bi wuraren aka yi musu kaca-kaca, har a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. A lokacin da hauya da cebur aka yi wannan ɓarna. Yau ga na'ura a ƙauyuka. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga watan Yuni 1997 ta hana haƙar kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. A Faransa, tun dokar 18 ga Disamba 1989, neman kayan tarihi da wannan na'ura sai da takardar prefe. Ingila ta bi wata hanya: bayan dokar taska ta 1996, ta kafa tsari a 1997 inda masu wannan sha'awa ke kai abin da suka tsinta wurin jami'ai a rubuta shi da wurin da aka same shi, kuma ta haka an rubuta abubuwa fiye da miliyon guda. Mu ma muna da inda za a kai: cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, da gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959.

Saboda haka ga roƙona ga duk mai na'ura a ɗaka. In ta yi kuka ka tono abin ado, kada ka goge shi da toka, ko lemun tsami, ko ruwan batir, domin rufin zinariyar da ya rage da tambarin da ke bayansa tare za su tafi. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa, in kuwa yana da dutse mai rufi a baya, busasshen buroshi kawai. Ka ɗauki hotonsa da salula gaba da baya, ka rubuta ranar da wurin, ka sa kowanne cikin ƙunshinsa. Ka nuna wa maƙeri kamin ka nuna wa dillali, ka nuna wa tsohuwa tun tana da rai. In sabon abu ne mai daraja, yana da mai shi, a yi cigiya kamar yadda aka saba. In ka ci karo da ƙashi, ko tukunya a kife, ko ƙarafa da yawa wuri guda, ka maida ƙasa ka sanar da maigari da hukuma. Maƙeri zai ba ka ƴan kuɗi a kan munduwar tagulla, ya jefa ta wuta ta zama wani abu kamin la'asar, kuma daga ranar babu mai sake sanin hannun da ta taɓa zama a kai.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.